Sharhi kan hidimar rubuta wasiyyar sadaka ga jami'a a Sakkwato

Mai niyyar barin wani abu ga jami'a bayan ransa a Sakkwato zai tarar da aikin a rabe hannu huɗu: malamin da ya san gado, lauyan da zai tsara takarda, kotun da za ta ajiye ta kuma ta tabbatar da ita, sai jami'ar da za ta karɓa. Akwai kuma wata ƙofa daban, wato Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Sharhin nan ya fi karkata ga hidimar ofisoshin lauyoyi, domin ita ake biya da kuɗi, kuma ita mutane ke ɗauka ta gama komai. Ba ta gama ba. Ta cancanci kuɗinta idan lauyan ya san hukuncin Malikiyya, ko ya yarda ya zauna da wanda ya sani. Idan kuwa tsohon samfurin wasiyyar Turawa zai ciro daga kwamfuta ya sauya sunaye, to shari'a Alhaji ya saya wa 'ya'yansa da kuɗinsa.

Awon farko da za a yi wa lauya shi ne tambayar da zai fara yi. Nagari ba zai fara da "nawa za ka ba jami'a" ba. Zai fara da bashi: na kasuwa, na banki, ragowar sadaki, amanar mutane da ke hannunka, zakkar da ba a fitar ba. Dalili kuwa tsarin fitar da dukiyar mamaci ba ya canzawa. Kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan gado. Iyakar sulusi ta fito daga hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda Manzon Allah (SAW) ya hana shi kashi biyu cikin uku, ya hana shi rabi, ya yarje masa sulusi, ya kuma ce sulusin ma da yawa. Abin da ya haura sulusi ba ya zartuwa sai magada sun yarda, kuma a Malikiyya ana ɗaukar ƙarin a matsayin kyauta daga gare su. Ke nan maraya ƙarami ba shi da bakin yarda, waliyyinsa ma ba zai yi kyauta da dukiyarsa ba.

Ga lissafi na misali, don a ga inda alkawari ke raguwa. A ce mutum ya bar dukiyar naira miliyan 63, jana'iza da bashi suka ci miliyan 3. Saura miliyan 60, sulusi miliyan 20. Amma a takarda ya rubuta wa jami'a miliyan 15, masallacin unguwa miliyan 9, wani maraya ɗan ƙanensa miliyan 6. Jimla miliyan 30, ta zarce sulusi da miliyan 10. Idan magada suka ƙi, kowa zai ragu daidai gwargwado: jami'a miliyan 10, masallaci 6, maraya 4. Idan kuma ya yi wasiyyar a fitar masa da zakkar da ya yi sakaci da ita, ko kaffara, waɗannan suna gaba da sadakar ganin dama, sai abin da suka rage ya isa jami'a. Lauyan da bai zauna ya yi wannan lissafin da kai a kan takarda ba, bai yi aikin da ka biya ba.

Shi ya sa rubuta adadin naira kuskure ne, ko da dukiyar ta isa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Wanda ya rubuta miliyan 5 a 2019 don a riƙa ɗaukar nauyin ɗalibai, yau ba abin da ya yi nufi ba ne a takardar. Lafazin da ke jure zamani shi ne na kaso: "rabin sulusin dukiyata bayan jana'iza da bashi". Ko dukiya ta ƙaru ko ta ragu, ba a tsallake iyaka ba, ba a kuma bar wa kowa abin jayayya ba. A ƙara da cewa wasiyyar ta shafi dukan abin da ya mallaka ranar rasuwa, kuma a riƙa sabunta jerin kadarori, domin Malikiyya sun tafi a kan cewa wasiyya tana shiga dukiyar da mai ita ya san da ita ne.

Sai sunan mai karɓa, kuma a nan Sakkwato tarkon na musamman ne. An kafa jami'ar tarayya da ke Dundaye a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, sai a 1988 aka mayar da ita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yanzu ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari. Dattijon da ya yi karatu a Dundaye a farkon shekarun 1980, idan ya ce "Jami'ar Sakkwato" ya san abin da yake nufi, amma alƙalin da zai karanta takardar bayan ba ya nan yana da hujjar tsayawa. A rubuta cikakken suna kamar yadda yake a dokar da ta kafa ta, da mazauninta, da tsangaya ko sashen da ake nufi. Asibitin koyarwa ma hukuma ce mai zaman kanta, da shugabanninta da asusunta, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Mai son taimakon marasa lafiya masu ƙaramin ƙarfi asibitin zai ambata, mai son taimakon ɗaliban likitanci jami'ar zai ambata. Ta fuskar fiƙihu babu matsala: wasiyya ga masallaci da makamantansa ta inganta, ana kashe ta cikin maslaharsu, makaranta ma haka.

Inda hidimar lauya ta fi nuna amfaninta shi ne wajen shaidu, domin nan ne dokoki biyu suke haɗuwa. Mutane da yawa suna rubuta wasiyya da hannunsu, su naɗe su sa cikin Alƙur'ani ko akwatin ƙarfe, suna ganin rubutun hannu ya isa. A cikin Mukhtasar na Halilu, wanda alƙalanmu suke komawa gare shi, ko an tabbatar rubutun mamaci ne, idan bai kafa shaidu ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a zartarwa, domin yana yiwuwa ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda Najeriya ta gada, ita ma tana son rubutu, da sa hannun mai wasiyya a gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. A ƙarƙashinta shaidan da aka bar wa wani abu a takardar, ko matarsa ko mijinta, ya rasa rabonsa. Hanyar da ta gamsar da ɓangarorin biyu ba ta da wuya. Maza biyu adilai, waɗanda ba magada ba, ba su da rabo a takardar, kuma sun fi mai wasiyya ƙuruciya. A karanta musu da Hausa, ya furta a gabansu cewa wannan wasiyyarsa ce a zartar da ita, kowa ya sa hannu a zama ɗaya, a kowane shafi. Idan mai wasiyya ba ya karatun boko, dole a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa an fassara masa ya fahimta kafin ya dangwala, tare da sunan mai fassarar. Idan tsufa ya kama shi sosai ko yana jinya, a nemi takardar likita ta ranar mai nuna hankalinsa garau yake. Ita ce amsar magajin da zai tashi a kotu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, baba bai san abin da ya sa ma hannu ba."

Wani lauyan zai ce maka Kotun Ƙoli ta taɓa yarje wa Musulmi ya raba dukiyarsa yadda ya so. Gaskiya ne an yi haka a shari'ar Adesubokan da Yinusa a 1971. Amma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ajibaiye, ta rushe wasiyyar wani Musulmi a ƙarƙashin dokar Jihar Kwara saboda ta saɓa wa shari'ar Musulunci. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya sanya wakafi, kyauta, wasiyya da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A Sakkwato, gadon Musulmi gaban alƙali zai je. Bayan haka, sadakar da aka ƙwato daga haƙƙin magada ba abin da mai neman lada ke so ba ne. Wanda ba Musulmi ba iyakar sulusi ba ta hau kansa, amma da yawa daga cikin sauran bayanan nan sun shafe shi.

Wani abu kuma da ake yawan shigo da shi ta bayan gida: "a fara ba 'ya'yana tallafin idan sun shiga jami'ar." Babu wasiyya ga magaji, ko da ta ofishin jami'a ta biyo. Jikokin da ba su gado, kamar 'ya'yan ɗiya mace, ko 'ya'yan ɗan da ya riga mahaifinsa rasuwa alhali baffanninsu suna raye, waɗannan ana iya ambatonsu. Kuma ranar rasuwa ake duba wane ne magaji, ba ranar rubutu ba.

Gida da gona su ne kyautar da ta fi daɗin faɗa, su ne kuma suka fi wahalar isarwa. Gida a Mabera ko Runjin Sambo, idan shi ne mafi yawan dukiyar, ƙimarsa kaɗai ta haura sulusi, sai jami'a ta zama abokiyar tarayyar gwauruwa da marayu a gida ɗaya. Babu hukumar da ke son wannan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora sauya hannun fili mai takardar shaidar mallaka a kan amincewar gwamna, kuma ba a raba irin wannan fili biyu saboda gado sai da izininsa. Gonar fadama da ta zo tun kaka da kakanni sau da yawa ba a taɓa raba gadonta ba, mai nomanta yana ganin tasa ce alhali 'yan'uwa mata suna da rabo a ciki. Lauya nagari zai nemi ganin takardu na asali, ya bincika a ma'aikatar filaye ko an jinginar da wurin, ya sa mai ƙiyasi ya ƙimanta. Shawarar da ta fi sauƙin zartarwa ita ce a ba wasiyyi, wato wanda aka naɗa ya zartar da wasiyyar, ikon sayarwa ya miƙa kuɗi, ko a ba magada zaɓin su fanshi kadarar da ƙimarta. Shago mai haya a bakin kasuwa ya fi kangon fili amfani nesa ba kusa ba, domin kangon fili sai an yi gadinsa.

Ɓangaren da hidimar lauyoyi ta fi rauni shi ne magana da jami'ar kanta. Yawanci aikinsu yana ƙarewa a kan sa hannu, alhali dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ba su ikon karɓar kyauta da wasiyya, ba tare da tilasta musu karɓa don wata manufa ba sai sun amince da sharuɗɗan. Ma'ana, kana iya rubuta sharaɗi goma, Majalisar Gudanarwa ta ce ba za ta iya ba. Saboda haka tun da rai a rubuta wa magatakardan jami'a wasiƙa ta hannun lauya, a bayyana manufa ba sai an faɗi adadi ba, a nemi amsa a rubuce kan abu huɗu: ko sun karɓi manufar, wane asusu kuɗin zai shiga, wa zai zaɓi masu cin gajiya, wa za a riƙa ba rahoto a shekara. Batun asusu ba ƙarami ba ne. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya suna bi ta asusun bai-ɗaya na gwamnati. Kuɗin da ya shiga a matsayin kuɗin shiga na gama-gari ya narke cikin dizal da gyaran motoci, ba wanda ya ci amana, haka nan tsarin yake. Dole ofishin ma'aji ya buɗe masa shafi na kansa da sunan asusun. Kada kuma a taɓa biya ta asusun wani ma'aikaci, kome kusancinsa da iyali. Sa wa gini ko kujerar farfesa suna yana buƙatar amincewar hukumomin jami'a, ba alkawarin wani shugaban tsangaya ba, wanda wa'adinsa zai ƙare.

Manufa ita ma a zaɓe ta da ido biyu. Manyan gine-gine da horar da malamai TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na yi, kuma sulusin mutum ɗaya da wuya ya gama ɗakin lacca, sai a bar kango da sunan mamaci a jiki. Tun 2024 NELFUND na ba ɗalibai rancen karatu marar ruwa, amma rance ne, ana biya. Inda ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki shi ne kuɗin rajistar marayu, kayan aikin ɗaliban shekarar ƙarshe a likitancin dabbobi ko aikin gona, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana kusa da ɗakunan kwanan ɗalibai tare da kason gyaranta, ko kyautar ɗalibi mafi hazaƙa a wani fanni ranar yaye ɗalibai. Kada a ƙuntata har abin ya gagara. "Ɗiya mace marainiya daga gundumarmu mai karatun haɗa magunguna" na iya shekara biyar ba a samu ba. A rubuta mataki-mataki: idan babu daga gundumar, daga ƙaramar hukuma, idan babu, daga jiha, idan an rufe sashen, mafi kusa da shi.

Idan ana son abin ya ɗore, uwar kuɗi ba a taɓa ta, ribarta ake ci. Ga mai gudun riba akwai sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar riba ta tsarin Musulunci, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100, na shekara 7, a kan ladan haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, akwai kuma bankuna marasa ruwa irin su Jaiz, TAJ da Lotus. A ce miliyan 10 ta kawo kashi 15, wato miliyan 1.5 a shekara. Idan aka kashe duka kowace shekara, adadin uwar kuɗi yana nan a takarda amma ƙarfinta yana zagwanyewa. A sharɗanta a kashe miliyan 1, a mayar da 500,000 cikin uwa. A shekarar da tsada ta kai irin ta 2024 ko wannan ba zai cike giɓin ba, shi ya sa haɗa sukuk da kadara mai haya ya fi dogara ga ɗaya.

Masu littattafai suna da tasu matsalar. Malami ya bar ɗaki cike da bugun Misira da Bairut da rubuce-rubucen hannu na ajami, ya ce a kai Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Niyya mai kyau, amma littattafai dukiya ne, suna shiga lissafin sulusi, kuma laburare ba ya buƙatar kwafi na goma na abin da yake da shi. A yi jerin sunayensu tun da rai, ma'aikatan laburare su zo su zaɓa, a ware kuɗin katako da maganin gara da ɗaukar hoton rubutun hannu.  

Hukumar Zakka da Wakafi, wadda aka ɗaga daga kwamiti zuwa hukuma a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ta fi dacewa da wanda ke son ya tsayar da wakafinsa yana raye, kuma a ganinmu wannan hanya ta fi wasiyya ƙarfi ga mai hali. Wakafin mai lafiya ba shi da iyakar sulusi, mai shi yana ganin yadda ake tafiyar da shi, yana gyara abin da ya karkace. Sharaɗinsa a Malikiyya shi ne hauzi: kadarar ta fita daga hannunsa ta koma hannun mai kula kafin mutuwa, ko ciwon ajali, ko bashin da ya mamaye dukiya. Wanda ya ce shagon nan wakafi ne amma ya ci gaba da karɓar haya yana sa wa a aljihu har ya rasu, wakafin ya ɓaci, shago ya koma gado. Wanda kuma ya jira sai yana kwance ciwon ajali, kyautarsa ta koma hukuncin wasiyya, daga sulusi. Malikiyya sun halatta wakafin kuɗi da na ƙayyadadden lokaci, wanda ke ba ɗan kasuwa damar gwadawa na wasu shekaru. Sai dai aikin Hukumar ya shafi mabuƙata iri-iri, don haka a rubuta ƙarara a takardar wakafi cewa amfanin na ɗaliban jami'a kaza ne. Mai dukiya mai yawa yana iya yi wa gidauniya rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar 2020, amma wannan na tafe da rahoton shekara-shekara da kuɗin akanta. Ga miliyan 10 bai cancanci wahalar ba.

Wasiyyi shi ne ƙashin bayan komai. A naɗa biyu, ɗaya daga dangi wanda ake jin maganarsa, ɗaya daga waje wanda ya san takardu, a kuma ambaci wanda zai maye gurbi. A nemi yardarsu tun yanzu. Aikin da ke jiransu ba kaɗan ba ne: takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya, buɗe wasiyya, ƙididdige dukiya a gaban alƙali, da takardar izinin kotu wadda bankuna da kamfanonin fansho da masu rajistar hannun jari ke nema kafin su saki ko kwabo. Sunan da mutum ya cika a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba ya mayar da mai sunan magaji ko wasiyyi. Kuɗin kotu da na mai ƙiyasi daga dukiyar suke fita, kuma a fitar da kason jami'a kafin a raba gado, domin karɓo shi daga hannun mutum goma sha biyar bayan kowa ya shiga da nasa abu ne da ba ya yiwuwa cikin daɗin rai.

Kafin a biya lauya a nemi farashinsa a rubuce, a san ko ya haɗa da ajiye asalin takardar a rufe a sashen wasiyya na Babbar Kotun Jiha, da wasiƙar jami'a, da gyara idan an buƙata daga baya. Idan shi zai zama wasiyyi, a rubuta ladansa a adadi ko kaso tun yanzu. Kwafi ɗaya ga wasiyyi, ɗaya ga malamin da ya duba, a kuma sanar da manyan 'ya'ya da matan gida cewa akwai wasiyya da inda take, ko ba a faɗi abin da ke ciki ba. Mai wasiyya yana da ikon warware ta ko sauya ta muddin yana raye, amma ba da biro a gefen shafi ba. Sabuwar takarda, sabuwar rana, shaidu biyu, da jimlar da ta soke ta baya. A sake dubawa idan an sayar da kadarar da aka ambata, idan wasiyyi ko shaida ya rasu, da kuma duk lokacin da aka ƙara aure, domin a dokar 1837 aure yana warware wasiyyar da ta gabace shi, kuma lauyan magada ba zai ƙi ɗaga wannan a kotu ba.